Igiyar Wule

Gazawa,
farkon watan Azumin Tsofaffi, 1985

Zuwa ga Addata Asta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Gidaɗo da yara da duk mutanen Sae Sabuwa. Yaya zafi, yaya kuma haƙuri da wannan shekara? Yaya ƙafar taki da Mumuni direba ya ce mini tana kumbura? Mu nan muna da rai, 'ya'yanki Adama da Asma'u suna gaishe ki. Ina gaida Malam Idrisa na lakol, malamin makarantar boko, da zai karanta miki, ina kuma roƙonsa abin da ya gani ya tsaya tsakanin bakinsa da kunnenki.

Saƙonki ya iso, wai maigidanki ya yi niyyar turo wa ƙanenki karsana ɗaya daga cikin shanu bakwai da suka rage muku, a kan habbanaye. Sai da na yi kuka da na ji. Amma Adda, don girman Allah kada ku turo.

Ni Bahaushiya ce, amma shekara tara ina zaune a rugarku, na san nauyin habbanaye. Na san aro ce, ana riƙon ta har ta haihu uku, a ɗauki 'yan maruƙa a mayar da uwar ga mai ita. Na san ana shayar da ita kafin a shayar da tāka, kuma wanda ya sayar da ita ya gama zama cikin Fulani. To ƙanenki zai sayar da ita. Buba zai sayar da ita. Kin ga har sunan nasa na rubuta, alƙalami ba shi da kunyar da bakina ke da ita.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya miki abin da na ɓoye miki wata goma sha ɗaya. Kin tuna bazarar bara da takarkarinmu na jan ruwa ya mutu, ƙanenki ya koma jan guga da hannu daga rijiya gaba talatin, shanu arba'in suna tsaye suna kallonsa? Wata rana aka kawo mini shi a kan jaki, tafin hannunsa duk jini. Ran kasuwa na ji 'yan ƙwadago suna yabon wata ƙwaya da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya daga kudu, wai in mutum ya haɗiya sai ya nome gonar mutum uku bai ji ba. Ɗanlami mai tebur a tasha shi ke sayarwa. Na sayo guda huɗu na ƙulle a bakin zane na kai masa, ina murna na yi abin kai. Ni na fara ba shi, Adda, da hannun nan da nake rubutu da shi.

Ta yi aiki kuwa. Ya ja ruwa kamar mutum biyar, shanun suka sha suka ƙoshi, sannan yunwa ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, don ruwa ba ciyawa ba ne. Shanu suka ƙare, ƙwaya ta zauna. Yanzu muna zaune a bayan gidan babana, shi yana dako a tasha, abin da ya samu kuma a teburin Ɗanlami yake kwana. Takobinsa ya tafi, malafarsa ta tafi, gugan da igiyarsa sun tafi. Watan jiya ya kwance akuyar Adama, ya ce mini kura ce ta ɗauka. Kura mai kwance ƙulli ta bar igiya a naɗe!

In kin gan shi ba ki gane shi. Idanu a waje, baki a bushe, hannu yana rawa, ga surutu, mutumin da a da sai ya yini bai yi magana goma ba. Abinci kuwa loma biyu ya ture. Babana ya ce in nemi takardata, na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma ba za a ba kura ajiyar nama ina kallo ba. In ya sayar da habbanaye, ranar da hankalinsa ya dawo kunya ce za ta kashe shi, kuma ina son mijina da rai.

Ki lallashi maigidanki ya bar karsanarsa. In kuna son taimakonmu, addu'a ta isa.

Ki gaida kowa da kowa. Taki har kullum,
Batulu

Gazawa,
ƙarshen watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga Adda Asta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Yaya ƙafa? Ina fata an samu sauƙi. Gaisuwar tawa gajera ce yau, don fushi nake yi da ke.

Na rubuta miki takarda har hannuna ya ƙage, amsar da na samu ita ce Surajo ƙanen mijinki tsaye a ƙofar gida, ƙafa duk faso, riƙe da igiyar karsana. Kwana biyar suna tafe. Ya ce maigidanki ya ce a gaya mini, ba a tambayar mutum halinsa kafin a ɗaura masa habbanaye, ana tambaya ne ko yana da saniya ko ba shi da ita. Ku Fulani dai in kuka kafe, sai Allah.

Amma Adda, me ya sa ba ki ce mini Wule ce ba? Ina ganin farin goshin nan na gane ta, jikar saniyar nan ce da mahaifiyarku ta ba ki ranar da aka kai ki. Ƙanenki ma ya gane ta. Ya dawo daga tasha ya same ta a turke, ya tsaya kamar an dasa shi. Ya matsa zai kira ta da irin kiran da babanku ke yi da harshe, bakin ya bushe, kiran ya ƙi fita. Ya miƙa hannu zai shafa wuyanta, ta yi tsalle ta zabga masa harbi a cinya. Surajo ya sunkuyar da kai ya yi kamar yana gyaran takalmi.

Tun ranar ba ta yarda da shi ba. In ya shigo ta wannan gefe sai ta koma wancan, tana huci. Surajo ya ce saniya ba ta son mutum mai gaggawa a jiki, kuma warin zufarsa ya sāke. Shi kuma ya daina kallon wajen turken, ta bayan rumbu yake zagayawa.

To wa ya rage? Ni. Ina yi wa matan 'yan kasuwa surfe da daka, in karɓi ladana rabi hatsi rabi dusa, dusar tata ce. Da la'asar mu tafi gindin gawo da yara mu tsinto mata 'ya'yansa. Ni ke kai ta rijiya, kuma kamar yadda na koya a wajenku, sai ta sha nake cika tuluna. Yanzu ko igiya ba na sa mata, tana bin bayana kamar akuyar gida. Matan rijiya sun samu abin yi, wai Bahaushiya ta gaji sanda, Bafillace ya gaji tasha. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai, don na san maganar tana isa kunnensa.

Kwana goma sha biyu ke nan tana nan. Kowace safiya kafin in yi alwala sai na leƙa turke. Ki ce wa maigidanki na gode, ko da yake barcina ya kwashe.

Taki mai fushi da ke kaɗan,
Batulu

Gazawa,
tsakiyar watan Sha'aban

Zuwa ga Addata,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta ƙauna, ina fata kuna lafiya gaba ɗaya. Yaya yara, yaya shanun? Malam Idrisa, a karanta wannan a hankali, kuma a fara gaya mata Wule tana nan a turkenta, kada zuciyarta ta tsinke a tsakiya.

Abin da na ji tsoro ya faru ran kasuwar da ta wuce. Na dawo daga surfe da hantsi na tarar da turke wayam, igiyar da Surajo ya kawo ta da ita ma ba ta wurin da na rataye. Ban tsaya neman mayafi ba, da gudu na nufi kara, wajen da ake cinikin dabbobi.

Tun daga nesa na hango taro. Ga ƙanenki a tsakiya, igiya naɗe a hannunsa, Wule ta kafe ƙafafu tana ja da baya, wuyanta har ya goge. Ashe tun daga gida haka suka yi ta fama, shi ja ita ja. Wani tsohon Bafillace da ke zaune wajen dillalai ya dube su ya ce wannan saniya ba ta wannan mutum ba ce, don tun da yake bai taɓa ganin Bafillacen da saniyarsa ke gudunsa ba. Kin san yadda satar dabbobi ta yi yawa bana. Nan da nan aka ce ɓarawo, Iro dillali ya riƙe masa wuyan riga, aka aika kiran jandarma. Yana ta rantsuwa da Fillanci da Hausa, bakinsa yana kumfa, ba mai saurarensa. Ko mutanen da suka san shi a tasha shiru suka yi, don sun san labarin akuya.

Na kutsa cikin maza ban san na kutsa ba. Na kira ta sau ɗaya, ta fizge wuyanta daga igiyar da ke hannunsa ta zo ta sa hancinta a hammatata. Kara ta ɗauki dariya. Tsohon ya ce to ga mai saniya ta zo, ya tambaye ni ko na san ɓarawon. Na ce mijina ne. Ya dubi shaidar da ke kunnenta ya ce wannan yanka ba na nan ba ne, na mutanen yamma ne, ta yaya ta zo hannunmu, kuma me ya kawo ta kara?

Adda, na yi ƙarya a gaban mutum ɗari. Na ce ɗingishi take yi, ni na aiko shi ya nemi wanda ya san kofato ya duba ta. Tsohon ya sunkuya ya ɗaga ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana dubawa, alhali ni da shi mun san lafiyarta lau. Da ya miƙe sai ya ce ƙaya ce, ya cire. Ya sallami mutane, ya ce a gaya wa jandarma ya huta. Sannan ya matsa kusa da ƙanenki ya yi masa magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Kalma ɗaya na kama a ciki, habbanaye.

Muka dawo ni a gaba, Wule a bayana, shi can baya yana jan igiya a ƙasa. Muna shiga gida na sauke masa duk abin da na tara wata goma sha biyu. Ban bar takobi ba, ban bar akuya ba. Yana zaune a kan turmi har na gaji. Sannan ya ɗago ya tambaye ni, a hankali, da muryarsa ta da: yaushe rabon da in sa rabonsa a turmi?

Gaskiya ce. Ƙwayar nan tana kashe yunwa, kuma tun kaka da na ga loma biyu yake ci, na rage awo. Tiyar jar dawar taimako da ya kamata ta yi mana kwana biyu ta koma yin uku. Ina zagin ƙwaya da baki, hannuna kuwa yana auna mutum uku a gidan mutum huɗu. Ya ce ya sha yin niyyar bari, sai ya tuna in ya bari zai ji yunwa, in ya ji yunwa daga kwanon Adama da Asma'u za a ɗiba. Ban ce wannan ne dukan dalilinsa ba, ƙwaya ta riga ta kama shi, shi ma ya sani. Amma ni ma na ci ribarta, ban taɓa faɗa wa kaina ba sai ranar.

Da la'asar na auna na mutum huɗu. Na tuƙa na ajiye masa nasa a akushinsa da na daɗe da kifewa, na ce masa daga yau kullum zan zuba, ya ci ko kada ya ci. Bai ci ba. Amma washegari bai tafi tasha ba, ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa nesa kaɗan da turken Wule ya zauna.

Yau kwana shida. Uku na farko barci ya yi kamar gawa, sai na riƙa sa yatsa a hancinsa. Da ya farka ya yi ta kuka ba dalili, ya fasa tulu, ya zage ni zagin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Jiya ya kai har bakin hanyar tasha, ya tsaya, ya dawo. Ban san gobe ba. Ki taya mu da addu'a, azumi ga shi ya ƙarato.

Taki,
Batulu

Gazawa,
mako biyu bayan Ƙaramar Sallah

Zuwa ga Addata abar ƙaunata,

Barka da Sallah, barka da shan ruwa, barka kuma da ruwan sama, don Mumuni ya ce ku ma kun samu har kun yi shuka. Yaya ƙafa, yaya maigida, yaya yara? Allah ya sa damina ta yi albarka, ya kiyaye mu da ganin irin shekarar da ta wuce. Ki yafe mini shirun wata biyu. Tsoro nake in rubuta alheri da wuri baki ya kama shi.

Ba zan ce miki hanya ta miƙe sumul ba. Ranar bakwai ga azumi ya ɓace da yamma, ya dawo ido a waje, na gane ya haɗiya. Ban yi magana ba. Wule ce ta yi, don yana matsowa ta juya masa baya, alhali kwana uku kafin nan ta fara cin dusa yana riƙe da ƙwarya. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Daga wannan ban ƙara gani ba, yau kwana talatin da bakwai, ina lissafe da su kamar mai jego. Ɗanlami ya aiko wai ana neman ƙanenki a tasha akwai kamyo, babbar motar kaya, da za a sauke, na ce a gaya masa maigidan yana kiwo.

Yunwar kuwa ta zo kamar yadda ya faɗa. Adda, ƙanenki ci yake kamar fara! Azumin nan mun sha wuya. Na ƙara gidaje biyu a surfe, muka haɗa da abincin daji, anza da ganyen jiga, ni da yara muka ɗan rame. Ya lura, ya fara ture akushi da saura a ciki, na ce in ya ƙara yi mini haka gidan babana ba nisa, taki goma ne. Adama ma ta ce ita ta fi son Baffanta mai ci da mai surutu. Ran Sallah ya cinye nasa ya miƙo akushi ya ce ko da ƙari. Na juya baya ina kankare masa ƙanzo ina hawaye, wallahi na daɗi ne.

Hannunsa ya daina rawa sai ɗan abin da ba a rasa ba da safe. Ya koma shirunsa na da, har na fara jin haushin shirun kamar yadda na saba, kin ga kuwa lafiya ta samu. Ya taya babana shuka. Ya ce in gaya wa maigidanki bai da bakin yi masa godiya tukuna, sai ranar da ya kawo masa Wule da ƙafarsa bayan haihuwa ta uku.

Bari in ba ki na ƙarshe, don takarda ta kusa cika. Ciyawa ta fara tsirowa a fadamar gabas, kuma hanyar can ta gefen kara take bi. Ran kasuwar nan da hantsi ya fito ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kanta. Na ce ya bari sai an watse mana, ya yi kamar bai ji ba. Ya kwance Wule, ya cire igiyar daga wuyanta ya miƙo mini. Ya yi kiran nan na babanku sau ɗaya, ya juya ya kama hanya bai waiwaya ba. Ta dube ni, ni da na ciyar da ita wata uku, sannan ta bi shi, butulu kawai.

Na bi su daga nesa, ba zan ɓoye miki ba. Suka ratsa ta gaban dillalai, shi a gaba ita a baya, hancinta kusa da kafaɗarsa. Iro dillali ya sunkuyar da kai. Tsohon nan yana zaune a wurinsa, ya bi su da kallo har suka wuce, ya ɗaga masa hannu kamar yadda ake gaida kowane makiyayi. Na dawo gida na zauna a kan turmi, na ji wani barci yana ɗibata da rana tsaka, irin wanda rabona da shi tun takarkarinmu na da rai.

Na ce kada ku turo, kuka turo. Na janye fushina, ki gaya wa maigidanki Bahaushiya ta sara masa. In da hali ki aiko mana da ɗan gero ko tiya biyu ce kafin sabo ya nuna, don yanzu mu huɗu ne masu ci.

Za ki ga wani ƙunshi tare da takardar nan a hannun Mumuni. Igiyar da Surajo ya kawo ta da ita ce, na wanke na naɗe. Ku ɗaure wata da ita, mu nan ba ta da sauran aiki.

Ki gaida maigida da Surajo da yara, da Malam Idrisa da ya sha jin sirrinmu. Ƙanenki yana gaishe ki, da bakinsa ya faɗa.

Taki har abada,
Batulu